Gayyar Manhajoji

Ni ɗan Kabo ne, a Gwarzo nake karatu, kuma na san gayya tun kafin in ji sunan ƙirƙirarriyar basira. A gonar gayya kowa da kunyarsa, ba mai jiran wani.

Haka na tsara manhajojin da ke taya ni aikin furojet. In aka jera su, ɗaya ta nemo bayani, ɗaya ta jira ta gama kafin ta yi lissafi, jinkirinsu taruwa yake. In kowacce ta kama nata lokaci guda, mai jan ƙafar cikinsu kaɗai ake jira. Rubutawa ce dole ta zo ƙarshe.

Ba burga ba ce, wallahi. Data tsada, sabis sai a hankali, malam kuma Litinin ya ce.