Kai yara Yamai: kwana uku tsakanin kogi da muze

Ɗan kasuwar Maraɗi da ke sauka Yamai sau biyu a wata, idan aka tambaye shi abin da ya sani na birnin, zai lissafa tashar mota, da Katako, da Babbar Kasuwa, da masaukin da ya saba. Ma'aikacin gwamnati na Damagaram ko na Tawa shi kuma ya san matakalan ofisoshin ministoci, da bencin da ake zama a kai ana jiran dosiye ta fito. Dukansu sun yi shekaru suna zuwa, amma da wuya a samu wanda ya taɓa tsayawa bakin kogi ba tare da wata bukata ba. Ƴaƴansu kuwa, da yawa sun san Katsina ko Kano tun suna goye, saboda kusanci da zumunci, alhali babban birnin ƙasarsu ba su san shi ba sai a littafin lakwal da akwatin talabijin.

Magidancin da ya yi niyyar gyara wannan, abu na farko da zai yi shi ne ya raba tafiyar yara da tafiyar harka. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya ɗauko iyali da nufin nuna musu gari, sa'an nan ya ce bari ya leƙa wani ofis minti goma, ko ya biya ya ga ko kaya sun iso, to yinin ya tafi ke nan: yara za su ƙare a zauren gidan mutane suna ƙirga ƙudaje, uwargida tana haƙuri. Kwana uku sun isa, in dai na yaran ne duka. Kuma kada a ce maza kaɗai za a ɗauka. Yarinyar da ke aji ɗaya da ɗan'uwanta, darasin kogi ɗaya mushe ya karanta musu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun ƙarshen watan Disamba. Akwai sanyi, yaro yana iya yini a waje, kuma kogin yana cike, domin ruwan da aka yi a duwatsun Gine tun damina sai a tsakanin Disamba da Fabrairu yake isowa Yamai, bayan ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kogin kuma ya janye ya bar tsibiran rairayi. Babban hutu ya faɗo cikin damina, lokacin sauro da jan ruwa. A watan Satumba na 2020 kogin ya yi cikar da ta ɓalle shingaye ta shiga unguwanni, a watan Agusta na 2024 kuma ruwa ya yanke hanyar da ke shiga birnin daga gabas har na ƴan kwanaki. Mai yara ƙanana ba ya son irin wannan caca.

Maganar masauki ita ce wadda ba a cika faɗi ba don kunya. Kusan kowa yana da ɗan'uwa a Yamai, kuma kusan kowane gidan ɗan'uwa a Yamai ya riga ya cika: ga ɗalibin jami'a, ga marar lafiya da aka turo babban asibiti tare da mai jinyarsa, ga wanda ya zo neman aiki tun bara bai koma ba. Mai gidan ba zai ce a'a ba, amma albashinsa ɗaya ne. Ya kamata a sanar da shi tun da makonni, a faɗa masa ranar zuwa da ranar komawa, kuma kada a zo hannu rabbana. Buhun gero ko na wake, ko albasar da aka saya a Galmi bisa hanya, sun fi dogon godiya amfani. Wanda yake da hali, ɗaki biyu a ƙaramin otal ya fi masa kwanciyar rai, ya je gaisuwa da yamma ya dawo.

Hanyar doguwa ce, kuma ita kanta rabin ziyarar ce. Daga Tawa kimanin kilomita 550 ne, daga Maraɗi kimanin 660, daga Damagaram kuwa kusan 900. Manyan motocin kamfanoni suna tashi tun kafin asuba, saboda haka a yanki tikiti tun jajibiri, kuma a yanka wa kowane yaro nasa. Ɗora ɗan shekara bakwai a cinya daga Gidan Rumji har Doso ba tsimi ba ne, azaba ce ga uwa da ɗa. A riƙe katin shaida na manya da takardun haihuwa na yara a jaka ɗaya, domin akwai shingayen bincike da yawa. A riƙe ruwa, da rigar sanyi, da leda saboda mai amai. Yaron da aka ba kujerar taga zai ga rumbunan albasa a Galmi, da hada-hadar Ƙonni, da dutsen da Dogon Dutsi ya samo sunansa, sa'an nan daga Doso ya fara jin harshe ya sauya. A nan ne zai ga dogon jirgin ƙasa da aka shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016 yana bin gefen hanya, ya tambayi ina jirgin. Uban sai ya shirya amsa, domin dogon bai taɓa zama hanyar fasinja ta yau da kullum ba.

Safiyar farko ta kogi ce. Yaron Maraɗi abin da ya sani shi ne Gulbi, wanda ke gudu da damina ya bushe da rani. Yaron Damagaram ya tashi yana jin maganar ƙarancin ruwa kamar yadda ake jin maganar farashin hatsi. Irin wannan yaro, ranar da ya tsaya bisa gadar Kennedy ya ga ruwa ya shimfiɗu hagu da dama, yana tafiya ba ya ƙarewa, ba sai an yi masa bayani mai yawa ba. Gani ya kori ji. An buɗe gadar a 1970, tsawonta ya ɗan haura mita 700, kuma shekara 40 ita kaɗai ce ta haɗa gaɓar birni da Harobanda, inda jami'ar Abdu Mumuni take, kafin a buɗe ta biyu a 2011 da ta uku a 2021. A ƙetare ta da ƙafa, da sassafe, a riƙe hannun ƙanana sosai saboda babura. Daga sama ana ganin masu wanki sun shanya tufafi a bakin gaɓa, da masunta cikin kwalekwale, da lambunan kayan miya da gonakin shinkafa. Zabarmawa suna kiransa Isa Beri, wato babban kogi; ya taso daga Gine, ya bi ta Bamako da Gao, kuma ba zai huta ba sai ya faɗa teku a kudancin Najeriya bayan tafiyar da ta wuce kilomita 4000. Yana da kyau a gaya wa yara cewa wannan ruwan da suke gani ya taɓa tsayawa cik a nan Yamai, a shekarar 1985, bayan farin da iyayensu ko kakanninsu ba su manta ba.

Yara za su nemi a shiga kwalekwale. Idan za a shiga, a zaɓi mai kwalekwalen da masu masauki suka sani, kada a cika shi, kada a yi nisa, kuma a dawo kafin magariba. Akwai dorina a kogin, ba kuwa abokiyar wasa ba ce. Hoto ma a yi hattara da shi: kusa da gadoji, da fadar shugaban ƙasa, da barikokin soja, a tambaya kafin a ɗaga waya.

Yini na biyu a ba shi ga muze gaba ɗaya, kada a haɗa shi da kome. Gidan tarihin ƙasa, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama, an kafa shi a 1959, tun kafin samun mulkin kai, kuma ba gini ɗaya ba ne da za a shiga a fita: fili ne babba mai itatuwa, ɗakunan nuni a warwatse, da kejin namun daji, da rumfunan masu sana'a. Yara kan ruga wajen zaki da kura da dorina, kuma babu laifi a bar su su fara da can, ko da yake babba mai tausayi ba zai rasa jin wani abu ba ganin zaki cikin ƙaramin keji da tsakar rana. Amma abin da ya cancanci kuɗɗin motar yana gaba. Akwai ƙasusuwan dinozor da aka tono a Gadufawa, cikin jihar Agadas, inda Bafaranshe mai bincike Philippe Taquet ya yi aiki a shekarun 1960. Dabbobi ne da suka rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin da yake hamada yau yake da koguna da kadoji masu tsawon wajen mita 10. Akwai kututturen iccen Tenere, iccen ƙaya guda ɗaya tak da ya tsaya a tsakiyar rairayi, ayarin gishiri na Bilma suna gane hanya da shi, har wata babbar mota ta kayar da shi a 1973, aka kwaso shi aka kawo nan aka gina masa rumfa. A duk faɗin hamadar nan direba ya rasa abin da zai buga sai shi. Yara sukan yi dariya in sun ji, manya kuwa su girgiza kai.

Sa'an nan akwai ɗakin tufafi da gidajen gargajiya, inda aka jera shigar Hausawa da Zabarmawa da Abzinawa da Fulani da Barebari da Tubawa, da irin ɗakin da kowa yake kwana a ciki. A nan ne ya kamata uba ya rage sauri. Yaron da bai taɓa fita Katsinar Maraɗi ko Adar ba yana zaton duk ƙasar irin garinsu ce. Cikin rabin sa'a zai gane cewa mai tanti na fata da mai bukkar tabarma da mai soron ƙasa tuta ɗaya suke gaisarwa. A rumfunan masu sana'a zai ga maƙerin azurfa yana zuba kuros ɗin Agadas, da baduku, da masaƙi, suna aiki a gabansa. A tambayi ranakun buɗewa da sa'o'in hutun rana tun kafin a fito, a tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa, a samu inuwa a zauna idan ƙafafu sun gaji.

Yini na uku ya zama mai sauƙi. Idan ya faɗo ranar Juma'a, babban masallacin da aka gina a shekarun 1970 da taimakon ƙasar Libiya ya ishi manyan yara abin tunawa. Babbar Kasuwa, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene, ta ƙone a 1982 aka sake gina ta aka buɗe a 1987. Ɗan kasuwa zai so ya nuna wa ɗiyansa inda yake sayen kaya, kuma yana da gaskiya, amma sa'a ɗaya ta isa. Lungunanta sun yi kama da juna, yaro kuwa da ya saki hannu ya ɓace. A rubuta sunan uba da lambar waya da unguwar masauki a takarda a saka wa kowane yaro cikin aljihu, tun ranar da aka sauka. Hausa tana ci a kasuwa da cikin taksi, amma yaron da ya koyi cewa fofo zai ga fuskoki sun sake, kuma zai yi mamakin jin cewa a nan ma da dala ake lissafi: abin da ya sani da dala ashirin, mai tallar ƙosai za ta ce masa waranka. A tanadi canji, domin taksin Yamai na haɗaka ne, kowane kai da kuɗɗinsa, kuma direba ba ya murna da takardar jikka goma.

Ɗan Damagaram zai iya ƙara wa ɗiyansa wani labari yayin da ake wucewa ta unguwar Plato da manyan gine-ginenta: har shekarar 1926 garinsu ne hedikwatar ƙasar, kafin Turawan mulki su maido ta nan bakin kogi, lokacin da Yamai ba ta wuce ƴan ƙauyuka ba.

Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 kafin a shiga birni ta hanyar Doso, su ne na ƙarshe irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 sun ragu har ba su wuce 50 ba, sa'an nan da kiyayewa suka haura 600. Sai dai tun harin ranar 9 ga Agusta 2020, wanda ya ci rayukan mutum takwas a wurin, shiga dajin ya zama abin da sai an tambayi hukuma. Mai iyali kada ya sa shi cikin lissafi. Idan an yi sa'a, akan hango su daga cikin mota suna kiwo gefen hanya, saboda haka a tada yara daga barci idan an kusa Kure.

Tikitin komawa a yanke shi tun ranar da aka iso, domin ƙarshen hutu motocin gabas cika suke da ɗalibai da ma'aikata. Kuɗɗin tsaraba a ware su daban tun daga gida, a ba kowane yaro ɗan abin da zai zaɓa da kansa a rumfunan muze, ko da zoben azurfa ne ko ƙaramar jakar fata. A kuma bar kwana ɗaya tsakanin dawowa da komawa lakwal, saboda yaron da ya yini cikin mota daga Yamai zuwa Damagaram ba zai iya riƙe alli washegari ba.