Inda dariya ta koma ciyawa

A jirgin ƙasan Tokyo shiru ake yi kamar ɗakin jarrabawa. Kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, ko tari sai an danne. Surutun nasu yana cikin wayar.

Shafin bidiyo na Niconico, wanda aka buɗe a 2006, ya sha bamban da YouTube. Sharhin masu kallo ba ya zama a ƙasa, ratsa hoton yake yi daga dama zuwa hagu, daidai wurin da mai shi ya rubuta. In abu ya yi daɗi, rubutu kan rufe hoton ruf. Suna kiransa danmaku, wato ruwan harsasai.

Dariya kuwa "w" ce, daga kalmar warau. Da aka jera wwww sai ta yi kama da tsiron ciyawa, don haka yanzu kusa kawai suke cewa, ma'ana ciyawa. Bahaushiya ta ji, sai ta ɗauka cewa aka yi ta matso! Tafi kuma 888 ne.

Ni mai aikin dare a asibiti, na san kaɗaicin ƙarfe uku. A Niconico, mai kallo shi kaɗai a wannan lokacin yana dariya ne tare da mutanen da suka rubuta tasu shekaru goma baya.