Alfadarar Baba

Tun kafin in san damana da haguna na san ƙarar motar Baba. Idan ta doso gari daga wajen Babura, tun tana nesa Inna za ta ce, “Ku ɗora ruwa, ga kishiyata nan ta dawo da shi.” Land Rover ce koriya mai dogon bodi, irin wadda ake kira Series III, waɗanda aka ƙera a Ingila tsakanin 1971 da 1985. Baba ya saye ta a gwanjon motocin gwamnati a Kano, lokacin Kanya Babba tana cikin tsohuwar Jihar Kano, don sai a watan Agustan 1991 aka yanka mana Jigawa. Tsohon allon lambarta mai KN yana nan rataye a zaurenmu har gobe.

Mutanen gari suka sa mata suna Alfadara. Wai ga ƙarfi, ga taurin kai, kuma ba ta haihuwa, domin duk kuɗin da ta samo a cikinta yake ƙarewa.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai yi mamakin abin da ya haɗa talaka mai sayen gyaɗa da riɗi da irin wannan mota. Sunan jihar kansa ya ba da amsa. Jigawa ai tudun yashi ne. Da ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyuka, hanyar amalanke kawai za ka gani. Da rani yashi ya haɗiye taya, da damina kuma ruwa ya yanka kwazazzabo inda jiya babu shi. A-kori-kura ta Peugeot takan yi iya ƙoƙarinta, amma akwai inda take tsayawa ta ce a kai kasuwa. Nan Alfadara take fara aiki. Kusa da giyarta akwai wasu sanduna biyu, ɗaya mai jan kai, ɗaya mai kai ruwan ɗorawa. A danna mai ruwan ɗorawa, tayoyin gaba su kama aiki tare da na baya. A ja mai jan kai baya, sai ta koma tafiyar hawainiya, amma ko bango aka nuna mata za ta gwada hawa.

Ba buhuna kaɗai ta ɗauka ba. Ta kai amare ɗakunansu har ƙasar Roni da Gwiwa, mata na guɗa a baya, kwanuka na kaɗawa. Ta ɗauko gawa. Ta kai masu naƙuda asibiti ba adadi, kuma ban taɓa ganin Baba ya karɓi ko sisi a kan wannan ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarmu da tsakar dare, an san motar yake nema.

Amma Baba mai mota ne kawai. Mai ita na gaskiya Kawu ne, ƙanin Inna, wanda ya riƙe sitiyarinta tun ranar da aka kawo ta. Kawu bai yi boko ba, amma ya karanci injin nan kamar allo. Da kunne yake gane filogin da ya mutu. Idan wuta ta ƙi zuwa, sai ya yagi gefen kwalin ashana ya goge kwantak. Idan kafireta ta toshe, ya kwance ta a kan buhu, ya hura da baki, ya mayar. Tankin mai ya taɓa hujewa a daji, ya liƙe shi da sabulu muka iso gida. Ko batir ya mutu ba ya damuwa, akwai wani ƙarfe da ake zurawa ta gaba a murɗa, inji ya tashi. Shi ya koya mini tuƙi, kuma darasin farko da ya ba ni shi ne, “Ɗan nan, kada ka sa babban yatsanka cikin sitiyari. Ranar da ta faɗa rami za ta karya maka shi.”

Daga baya na karanta cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi wuya a Ingila, shi ya sa da aka fito da Land Rover ta farko a 1948 aka yi bodinta da alminiyom. Wannan ne sirrin da ya sa jikin Alfadara bai taɓa yin tsatsa ba. Sai dai ƙashin da ke ƙarƙashinta ƙarfe ne, shi kuma yana ci a hankali ba wanda ya gani. Haka take yaudarar mutum: fuska ƙalau, ciki ya ƙare.

Da Baba ya rasu, Allah ya ji ƙansa, aka zo rabon gado. Aka yi wa motar kuɗi, babu wanda ya nuna sha'awa cikin ƙannena, sai na karɓe ta a cikin rabona, tunda ni na gaji sana'ar. Na ci gaba da sayen riɗi da zoɓo a ƙauyuka, Kawu na tuƙi. Kayan gyara suka fara wuya. Sai mu yini a Kasuwar Ƙofar Ruwa muna bin shaguna, matasa na kallonmu kamar mun zo neman kayan tarihi. Sannan aka zo 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a shekarar da ta biyo baya. Alfadara kuwa shan mai take kamar raƙumin da ya dawo daga fatauci. Na yi lissafi, na ga wata tafiyar ba na fitar da ko kuɗin man. Duk da haka ban yi tunanin rabuwa da ita ba. Ina ganin kamar in na sayar da ita, Baba na sayar.

Sai wani dare cikin watan Agusta.

Ƙanwata, autarmu, tana aure a wani ƙauye da ke cikin daji, nesa da kwalta. Mijinta ya kira ni bayan sha ɗaya na dare, ya ce tun la'asar take naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. An yi ruwa mai yawa da magariba. Na taso Kawu, muka tafi. Zuwa lafiya lau. Muka shimfiɗa katifa a baya, muka kwantar da ita, surukarta ta riƙe mata kai. A hanyar dawowa akwai wani rafi da muka ƙetare ɗazu ba matsala. Muna tsakiyar hawa gaɓarsa sai muka ji ƙas! daga baya, kamar an karya icce. Inji na kuka, mota ba ta motsi. Kawu bai ko sauka ba ya ce, “Innalillahi. Shaf ne.” Wato sandar ƙarfen da ke juya tayar baya ta tsinke. Tsohuwar cutar irin waɗannan motoci ce, shi ya sa shekara da shekaru Kawu yake ajiye guda a ƙarƙashin kujera. Ta ƙarshe mun sa ta tun bara, mun nemi wata ba mu samu ba. Ya gwada da tayoyin gaba kaɗai, suka yi ta tona jiƙaƙƙen yashi har motar ta zauna.

Mijin ya koma ƙauye da gudu ya ɗauro shanu a amalanke. A kanta muka kai ta bakin titi, ina haska hanya da fitilar waya, tana kiran sunan Allah da muryar da har yau nake ji. Daga nan muka samu wani bawan Allah mai ƙaramar mota ya ƙarasa da mu. An yi mata aiki da asuba. Ita ta rayu. Yaron, namiji, bai zo da rai ba.

Likita bai ce jinkiri ne ya jawo ba, ni kuma ban tambaye shi ba. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma na kuma san awa nawa muka yi a bakin rafin nan, don ina duba agogo.

Abin da na fi jin tsoro shi ne gaya wa Inna zan canza mota. Na yi kwanaki ina shirya magana. Da na durƙusa gabanta na fara kame-kame, sai ta katse ni. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta ce, “Kai, wa ya ce maka ubanka a cikin ƙarfe yake? Shi da kansa shanun noman mahaifinsa ya sayar ya cika kuɗinta, tsoho ya yi wata bai yi masa magana ba. Shekara nawa tana cin kuɗin cefanena? Ka rabu da ita. Amma ka je ka sami kawunka tukuna.”

Kawu bai musa ba. Cewa kawai ya yi, “Motarka ce.” Wannan kalma ta fi mini zafi a kan faɗa, domin bai taɓa kiranta motata ba.

Bayan kaka na sayar da riɗin da na ɓoye, na haɗa da wani fili da nake da shi, muka tafi Kano da Kawu. Toyota Hilux na saya, fara, mai gida biyu. Kada mai karatu ya ɗauka sabuwa dal nake nufi. Ƙirar 2012 ce, ta ga duniya kafin ta zo hannuna, amma a wajen wanda ya fito daga motar da ta girme shi, wannan jirgin sama ne. Ba a banza ta yi suna ba. A 1987 sojojin Chadi da motocin Toyota irin waɗannan suka fatattaki tankokin Libiya a hamada, har aka sa wa yaƙin sunan kamfanin. Land Rover kuwa ta daina ƙera jikanyar Alfadara, wato tsohuwar Defender, tun Janairun 2016.

Dillalin ya buɗe boneti don Kawu ya duba. Kawu ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Ba kafireta, ba kwantak, sai wayoyi da robobi. Ya kasa kunne ya saurari injin, bai ce komai ba. Sai wani yaro da bai kai jikansa ba ya zo da wata na'ura kamar waya, ya jona a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta, ya ce lafiyarta ƙalau. Na ga Kawu ya mayar da hannayensa cikin aljihun riga. A hanyar dawowa, daga Kwanar Dumawa har Kunya har gida, na yi ta roƙonsa ya karɓi tuƙin. Ya ce idonsa ba ya son dare. Rana ba ta ko faɗi ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin motar. Mutum ya taka birki ta tsaya nan take, ba sai ya yi ta bugawa yana addu'a ba. Ka yi magana da na kusa da kai ba tare da ihu ba. Ka sauka rigarka fara kamar yadda ka shiga. Tafiyar da muke yini a kai, yanzu kafin azahar mun dawo.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda mutane suka canza. A ƙasar nan farar Hilux motar gwamnati ce, ko ta ɗan siyasa, ko ta jami'an tsaro. Manoman da muka yi shekaru muna ciniki suka ƙara kuɗin tiya, wai ai Alhaji ya samu, alhali ban taɓa zuwa Makka ba kuma bashi ne a kaina. Masu neman taimako suka ninka. Wata tsohuwa da ta saba tsayar da Alfadara ta ɗora akuyarta, na tsaya mata da kaina, ta kalli kujerun ta ce a'a, ba ta so ta ɓata mini. Uwargidana kuma ta hana ni tafiyar dare, ta ce wannan mota tana kiran ido.

Ita ma tana da nata taurin kan. Na taɓa shan man bumburutu a wani ƙauye, washegari wata 'yar fitila ta kama a gabana, mota ta fara shaƙewa. Da Alfadara ce, Kawu zai hura kafireta mu wuce. Wannan sai da aka kai ta Kano, ta kwana biyu, aka canza famfon mai da kuɗin da zai ciyar da gidana wata guda.

Ranar da ta fara kafewa a yashi ni kaɗai ne. Bayanta ba kaya, ba nauyi, na sa giyar da ke haɗa tayoyi huɗu, na taka totur da ƙarfi kamar wanda ke jin haushi, ta nutse har ciki. Kunya ta hana ni kiran kowa sai Kawu. Ya zo a bayan babur, ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsuguna ya rage iskar tayoyin duka huɗu da tsinken ashana. Ya sa yara suka tone gaban tayoyin suka shimfiɗa karan dawa. Sannan, karo na farko, ya buɗe ƙofa ya zauna a mazaunin direba. Ya tashe ta a hankali kamar mai lallashin amarya, ta fito. Ya sauko yana karkaɗe hannu, ya ce, “Kwamfutar ba ta gaya maka wannan ba?” Tun daga ranar shi ke tuƙa ta in za mu shiga daji, ko da yake har yanzu bai yarda ya kunna sanyin ba, wai yana sa masa mura.

Alfadara kuwa, 'yan gwangwan sun zo har sau uku. Ba motar suke so ba, alminiyom ɗin suke so, a auna a kilo, a narke a yi tukwane. Wani ɗan ƙanina ya nuna mini a waya yadda Turawa ke gyara irinta suna saye da tsada, ya ce in jira. Ban sayar ba, ban kuma jira kowa ba. Na miƙa wa Kawu makullin da takardun. Ya yi wata huɗu yana cigiya har ya samo shaf a wajen wani tsohon bakanike, ya ɗaura da hannunsa.

Bana ƙanwata ta sake samun ciki. Tun yana wata bakwai Inna ta aika aka ɗauko ta, ta ce ba za ta sake haihuwa a bayan rafi ba. Hilux tana kwana a ƙofar gida, tanki cike, hancinta na kallon titi. Kullum bayan isha'i Kawu yakan zo da tocila ya bi tayoyinta ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da ƙafa. Shekaranjiya na fito da safe sai na ga Alfadara a bayanta, an wanke ta, an ajiye ta a kan ɗan gangaren nan inda ko batir ya ƙi za a iya tura ta. Na tambaye shi dalili. Ya ce, “Ko da taku za ta kunna fitila.” Sannan ya ce in ba shi kuɗin lita biyar.