Ƙofar Zaure Ɗaya, Murhu Dabam-Dabam

Duk wanda ya tashi a babban gida mai sassa ya san ƙofar zaure ɗaya ce, amma kowane sashe da murhunsa. Maigida ya iya sayo ƙatuwar tukunya, sai dai sa matan gida su haɗa girki a cikinta wani aiki ne dabam. Abin da ke faɗo mini ke nan in na ji wani shugaba yana alfaharin ya sayo manhajar kwamfuta wadda za ta haɗa sassan ma'aikatarsa wuri guda.

Mai karatu ya dubi IPPIS, watau tsarin biyan albashi na bai ɗaya wanda Gwamnatin Tarayya ta soma a 2007. Nufin kuwa mai kyau ne, a tsince ma'aikatan bogi waɗanda suna kurum gare su a takarda alhali albashi na fita. Da aka zo kan jami'o'i sai magana ta cije. Ƙungiyar malamai ta ASUU ta ce dokar 2003 ta ba kowace jami'a majalisar gudanarwa mai ikon ɗaukar ma'aikata, kuma tsarin bai san malamin da ya tafi aikin shekara guda a wata jami'a ba, balle wanda aka aro don koyarwar ɗan lokaci. Suka ƙera nasu, UTAS, gwamnati ba ta karɓa ba. Wannan takaddama na cikin dalilan yajin aikin wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, ɗalibai na zaune a gida. Sai a Disamban 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yarda a cire manyan makarantu daga IPPIS.

Ni ban wanke malaman tas ba, domin mai ƙin a duba littafinsa shi ya jawo wa kansa zargi. To, amma na ga irin wannan a wani gidan jarida da na taɓa aiki. An kawo manhajar da wakilan jihohi za su riƙa zuba labarai, ba a ko shawarce su ba. Wakilin da ke inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa ya ci gaba da turowa ta WhatsApp, mu na kan tebur mu kwafe mu zuba da sunansa. Rahoton ƙarshen wata kuwa ya nuna wa manya kowa na amfani da ita, suka sabunta kwangilar kamfanin da ya sayar musu.