Sarauniyar Ƙasan Akwati

Ran Asabar ɗin da ta wuce ina laluben wani tsohon mayafi a ƙasan akwati, sai hannuna ya taɓo wani abu mai tauri naɗe cikin guntun atamfa. Tun ban warware ba na san ko mene ne. Hoton nan ne, ɗan ƙarami, bai fi faifai faɗi ba: mace a zaune, gashinta ya buɗe dama da hagu kamar ƙahon bijimi, azurfa ta kama shi gaɓa-gaɓa, murjani na zubowa ta gefen kumatunta. Nan na manta da zancen mayafi, na zube a ƙasa.

A 2011 na samo shi. Lokacin ina karatu a Beijin, ɗakinmu ɗaya da wata 'yar Mongoliya, wadda tambayoyina suka ishe ta har ta ce in zo kawai in gane wa idona. Da hutu ya zo muka hau jirgin ƙasa, tafiyar fiye da kwana guda. Cikin dare muka isa Erlian, garin kan iyaka, aka ja taragunmu cikin wata makekiyar rumfa, aka ɗaga su sama muna ciki, aka sauya musu ƙafafu, don layin dogon Mongoliya ya fi na Sin faɗi. Gari na wayewa sai ga hamadar Gobi, da raƙuma masu tozo biyu suna kallonmu ko a jikinsu.

A Ulambato gidan yayarta muka sauka, hawa na huɗu a wani tsohon bene irin na zamanin Tarayyar Sobiyet. Ƙawata ta ce in riƙa kiranta egch, wato yaya, kuma da shi na kira ta har na bar garin. Ta tarbe ni da shayin madara mai gishiri, na kurɓa na daure fuska don kunya. Sana'arta zane, ba ta kuma da wani ɗakin aiki sai teburin cin abinci. Da an kwashe kwanuka sai ta shimfiɗa kayanta.

Gaskiya da farko na raina aikin. Tun a hanya na ga irinsa jere a shagunan 'yan yawon buɗe ido: sarauniyoyi masu fuskar 'yar tsana, duk hancinsu ɗaya, idonsu ɗaya, kamar an buga su da hatimi. Na ɗauka ita ma neman na tuwo kawai take yi. Sai da na kwana uku ina leƙen kafaɗarta sannan na yi shiru.

Farin ƙyallen auduga take ɗaurewa a katako, ta shafe shi da alli da danƙo, in ya bushe ta goge da dutse mai santsi har ya yi sumul. Salon nan suna ce masa Mongol zurag, tushensa zanen gidajen ibadar Buda ne: siririn layi, launi a shimfiɗe, ba inuwa sosai. Da burushin da bai kai tsinken tsintsiya kauri ba take bin rigar, wadda suke kira deel, da kafaɗunta da aka cusa suka miƙe sama kamar tozo, da hannayenta da suka zarce yatsu suka ƙare da baki mai siffar kofaton doki. Murjani kuwa kowanne sau uku take taɓa shi. Ja tukuna, sai ɗan duhu a ƙasansa, sai ɗigon fari a sama, nan take ya kumburo kamar a sa hannu a ɗauka. Na taɓa ƙoƙarin ƙirga na hoto guda, na ɓace a wajen ɗari da wani abu. Fuska ita ce ta ƙarshe, kuma ranar fuska ba a yi mata magana.

Fuskokin ne suka kama ni. Ba sarauniya ko ɗaya a cikinsu. Akwai maƙwabciyarta mai aikin jinya, akwai mahaifiyarta da tabon sanyi a kumatu, akwai wata mai sayar da safar hannu a kasuwar Narantuul, wadda na je na gani da idona tana ciniki da sigari a baki. Ta ɗora musu kayan matan manyan Halha, ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, suka zauna a ciki kamar gadonsu ne.

Egch ce ta kai ni Fadar Hunturu ta Bogd Khan, sarkin da aka naɗa a 1911 da ƙasar ta ɓalle daga mulkin Manchu, shekara ɗari ke nan cif a lokacin ziyarata. Na ga tantin da aka lulluɓe da fatun damisa, na ga rigunan alharini na sarauniya Dondogdulam, wadda ta rasu a 1923. Egch ta yi mini bayanin Marzan Sharav, mai zanen da ya yi hoton sarkin da na sarauniyar, shi ne kuma mai zanen nan na rayuwar yini guda a Mongoliya da ke gidan tarihi na Zanabazar. A wajenta shi ne uban sana'a, don shi ya yi ƙarfin halin sa fuskar mutum ta gaskiya a tsakiyar adon gargajiya.

Da muka fito sai muryarta ta sauya, ta ba ni labarin Genepil. Ita aka zaɓo daga ƙauye ta maye gurbin marigayiyar, ba ta cika shekara a fada ba sarki ya rasu a 1924, ta koma cikin danginta. A 1938, lokacin da gwamnatin gurguzu ke share malaman Buda da jinin sarauta, aka harbe ta. Tun daga 1929 an fara ƙwace dukiyar masu sarauta, ado irin wannan ya koma shaidar laifi a kan mai shi. Kakar mahaifiyar su egch tana da cikakken saiti, na aurenta. Aka ɓalle shi gunduwa-gunduwa, wani aka binne, wani aka sayar a ɓoye. Abin da ya iso hannun egch ƙwayar murjani ɗaya ce, tana cikin gwangwanin shayi tare da maɓallai. Da ita take auna jan da take haɗawa.

Sai bayan 1990 aka sake samun bakin magana a kan sarakuna da matansu, masu zane suka yi caa a kai. Zayasaikhan Sambuu, haifaffen 1975, ya yi suna har ƙasashen waje da matan nan masu ado. Wasu suka koma can baya, ga Chabi matar Kublai Khan da doguwar jar hularta. Su kuwa 'yan fim na Amurka tuni suka ɗauki ƙahon gashin suka ɗora wa sarauniya Amidala a Star Wars na 1999. Da na ambata wa egch wannan, taɓe baki kawai ta yi.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Murjanin nan na san shi. Kakata tana da jigida da tsakiyar murjani da take ɓoyewa a cikin tasa, ta ce a ranar aurenta an yi mata doka har sai da wuyanta ya sage. Shekarar da aka yi fari aka sayar da murjanin aka sayi hatsi, kuma babu wanda ya taɓa zana ta. Na gaya wa egch haka, ƙawata na fassarawa. Ba ta ce komai ba. Daren da zan tafi ta miƙo mini hoton mai safar hannu, na fito da kuɗi, ta ture hannuna har sau biyu.

Da na dawo gida na buga ƙusa na rataye shi a ɗakina. Ko kwana bai yi ba Hajiyarmu ta leƙo, ta dube shi, ta dube ni.

"Ke, a ɗakin da kike sallah? Sauke shi."

Ban ja da ita ba. Ita da kanta ta yago atamfar da aka naɗe shi, har tana cewa Allah Ya sa matar nan ba ta kwana da wannan kaya a ka. Daga nan ya bi ni gidan miji a ƙasan akwati, ya bi ni tashi biyu. Ni da ƙawata mun daɗe muna gaisawa a Facebook, daga baya abin ya yi sanyi, kowa da hidimarsa.

Ina nan zaune a ƙasa ƙaramar 'yata ta shigo neman kuɗin kati, ta tsaya a kaina.

"Mama, wace sarauniya ce wannan?"

Na ce mata mai sayar da safar hannu ce a kasuwa. Ta karɓa ta matsa kusa da taga, ta daɗe tana dubawa, har da kai ɗan yatsa ta shafa murjanin. Sannan ta ce in dai ba zan faɗa mata ba shi ke nan.