Kumburin da ba kumburi ba

Sai a 1851, da Hermann von Helmholtz na Jamus ya fito da ɗan madubinsa na leƙa ido, likitoci suka samu damar duba kan jijiyar gani a jikin mai rai. Ɗan faifai ne jaja-jaja, faɗinsa bai cika kai milimita 2 ba, amma zaruruwa kusan miliyan ɗaya ne ke bi ta nan su wuce ƙwaƙwalwa.

A 1860 Albrecht von Graefe ya nuna cewa idan ƙari ya tsiro a ƙwaƙwalwa, faifan yakan taso, gefensa ya dusashe, jijiyoyin jini su yi tumbatsa. Gaskiya ya faɗa, an kuma ceci rayuka da ita. Sai dai ta zo da nata tsoron.

Akwai mutanen da Allah ya halitta da ƙaramin faifai, musamman masu gajeren ƙwayar ido. Zaruruwan nan duka sai sun cusu ta ƙuntatacciyar kafa, su yi tudu, ga ido kamar kumburi. Wasu kuma ƙananan duwatsun alli ne binne a ciki, waɗanda Heinrich Müller ya bayyana tun 1858. Lafiyarsu ƙalau. To amma a kawo yarinya tana kukan ciwon kai, likita ya haska ya ga tudu, wa zai yi gangancin cewa ba komai? Sai a naɗe ta a gado, gwiwa a ƙirji, a soka allura a gadon baya a zuƙo ruwa. Bayan 1919 har iska ake ɗurawa a madadin ruwan don hoton kai ya fito, dabarar Walter Dandy, mai bar wa mutum amai da ciwon kai na kwanaki. Ban ga laifin likitocin ba. Abin da ke hannunsu ke nan.

Hoton CT ya zo a 1971, na'urar OCT mai auna kaurin zaruruwan ta biyo a 1991, wahalar ta ragu ƙwarai.

Mu kuwa ta ɗaya gefen abin ya fi shafar mu. Bincike ya nuna faifan baƙar fata ya fi na Turawa faɗi a matsakaici, babban faifai kuma ramin tsakiyarsa babba ne, har ya yi kama da ɓarnar hawan jinin ido. Cutar tana da yawa a cikinmu, shi ya sa likitan ido a Kano ko Yamai yakan auna faɗin faifan da ƙarfin ruwan ido kafin ya ɗora mutum a kan maganin ɗigawa na har abada.