Ɗan'uwa Rabin Jiki: Darasi Daga Yistin Burodi

Tun cikin dare mai gidan burodi a Gusau yake kwaɓa fulawa da yisti, kafin hantsi burodinsa ya isa teburan masu shayi a Tsafe da Bungudu. Bai taɓa ganin ƙwayar yisti ɗaya da idonsa ba, ga shi kuwa abincin iyalinsa ya rataya ga rayuwarta.

A cikin kowace ƙwaya akwai zaren gado, wato DNA, mai tufka biyu. Idan duka biyun suka tsinke ba a gyara ba, ƙwayar takan mutu. Don haka sai ta fiƙe bakin tsinkewar har sili guda ya fito, furotin Rad51 ya lulluɓe shi, ya lalubo ɗan'uwan zaren da ke lafiya, a kwafo abin da ya ɓace, a ɗinke. A 1983 Szostak da abokan aikinsa suka fitar da bayanin wannan tsari. Manazarcin ajami ya san irinsa: shafin da gara ta ci, daga wani kwafin ake cike shi.

Ɗan'adam ma haka yake gyara nasa. In BRCA2, mataimakin Rad51, ya naƙasa, haɗarin sankarar mama yakan ƙaru. Ashe ko a inda ido ba ya kaiwa, ɗan'uwa rabin jiki ne.